Kokon da Ya Kayar da Ladan

Da sunan Allah nake farawa, mai ciwo da magani. Jikata Rahina ce ta kira ni daga ƙasar waje, muryarta can ƙasa kamar wadda ta yi kwana uku ba ta ci ba. Wai likitocin can sun yanka mata ciki sun rage shi da gangan, don ƙiba ta yi mata yawa har gwiwoyi sun gaza. Ikon Allah sai kallo! Yanzu kuma jiri ke ɗibarta, ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Ban gama ajiye wayar ba na ji uwarta a tsakar gida tana cewa a niƙa gero a aika mata garin koko, a haɗa da zuma, ta sha ta maido jiki. Na ce kul! Ku zauna nan, ɗayarku ta ɗauko biro, yau zan tona wa kaina asiri don kada a maimaita abin da na yi.

A shekarar 1969 ina sayar da koko da ƙosai a bakin masallacin unguwarmu, a Zangon Kumasi. Ba yabon kai ba, kokon Adiza ya yi suna. Makanikan unguwar Suwame ta wurina suke biyowa kafin su kama mota, masu shago a unguwar Adum su aiko da kwano. Mijina shi ne ladanin masallacin. Sunansa ban faɗa yana raye ba balle yanzu, kowa Ladan yake ce masa, ni kuwa Malam. Ladancin gado ne daga mahaifinsa. Lokacin babu lasifika, sai wata matakalar siminti a jikin masallaci, taki goma sha huɗu, ba abin dafawa, da ɗan dandamali a samanta. Can yake hawa sau biyar a rana. Ƙato ne, da tumbi kamar randa, kuma ina taƙama da tumbin nan don ni na gina shi. Duk asuba in an idar da salla sai ya zo ya miƙo mini 'yar ƙwaryarsa, in cika ta, in zuba sukari cokali uku. Shekara tara muna haka.

Ya daɗe da gyambon ciki yana ɓoyewa, yana jiƙa kanwa yana sha. Wata la'asar ya sauko daga kiran salla ya durƙusa a gindin matakala, ya yi aman jini. Aka ɗauke shi sai babban asibiti. Likita ya ce sai an yanke kashi biyu cikin uku na cikinsa an yar. Na ce a yar a ina? Ni dai a sanina in aka taɓa tumbin rago to ragon ya gama. Na dangwala yatsa a takarda ina kuka, na riga na fara tunanin takaba. Kwana uku bayan aikin sai ga Malam ya buɗe ido yana tambayata wa ke kiran salla. Na tsaya ina kallon ɗinkin nan tun daga ƙirji har cibiya, ina ta subhanallahi. An buɗe mutum, an ɗebe abin da aka ɗebe, an ɗinke kamar buhu, ga shi yana magana. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi.

Mako biyu muka yi. Ranar sallama wata nas, dattijuwar Asante da muke ce wa Maame, ta ja ni gefe. Hausar Zango a bakinta tsaf. Ta dunƙule hannunta ta sa mini a gaban ido.

"Adiza, cikin mijinki yanzu bai fi wannan ba. Kakra-kakra," wato kaɗan-kaɗan da bakinsu. "Abinci mai ƙarfi, ruwa daga baya. Abin zaƙi kuwa, a'a."

Na ji ta sarai, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce to, Maame, na gode. A raina kuwa cewa na yi, su mutanen asibiti haka suke ciyar da mutum kamar ɗan tsako, bari mu je gida ku ga aiki.

A gida aka ga abin da ya rage na Ladan. Rigunansa suka zama kamar na aro, wuya ya fito, wando sai an ninka mazagi sau biyu. Mata in sun zo gaisuwa su dube shi, su dube ni. Miji ya rame a gidan mai sayar da abinci, ai abin kunya ne. Na tashi haiƙan. Na dama masa koko na musamman, na zuba sukari cokali biyar, na tsaya a kansa sai da ya shanye ƙwaryar tas. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya karyo masa kamar an watsa masa ruwa. Ya ce, "Adiza, riƙe ɗakin nan, juyawa yake." Na sa hannu a ƙirjinsa, zuciya na dukan uku-uku. Ya kwanta a tabarma, fuska ta yi fari, sai da aka yi kusan awa guda ya dawo hayyacinsa. Bayan nan kuma sai kasala, ko buta ba ya iya ɗagawa. Ni kuwa na ce rauni ne, maganin rauni kuma ci.

Mako na huɗu yayarsa ta tare a gidanmu, Yaya Barira, mai sayar da goro, mace mai baki da zuciya ɗaya. Ta duba ƙasan idonsa ta ce, "Jini ne ya ƙare. Sun kwashe jinin ƙanena a asibiti." Ta sa aka sayo madarar gwangwani, mai kaurin nan mai zaƙi, ana tsiyayawa a kokon. Wata maƙwabciya ta ce iskokin asibiti ne suka biyo shi, a yi hayaƙi. Wani almajirin mahaifinsa, dattijo, ya kawo rubutu ya ce a sha da zuma. Mai fura ta aiko da fura, an dama da sukari har cokali na tsayawa. Kowa da ƙauna ya zo, Allah ya saka musu, amma duk wanda ya zo da zaƙi ya zo. Zannuwana biyu na aure suka tafi a madara da zuma. Malam kuwa sau uku, sau huɗu a rana yana kwance yana riƙe da tabarma.

Mako na biyar muka koma asibiti. Tun da sassafe muka kama layin kati, rana ta fito ta same mu, ta take, muna nan a benci. Ga mara lafiya ga yunwa, mai kiran suna kuma sai ka ce da kuɗinsa muka gudu. Da muka shiga, wani saurayin likita ne, ba wanda ya yi aikin ba. Ya ce, "Yana cin abinci?" Na gyara zama na ce, "Sosai ma." Bai tambayi me yake ci ba, ni ma ban faɗa ba. Ya rubuta ƙwayar ƙarin jini muka fito. Abin da muka yini jira bai kai dafa ƙwai ba.

Duk wannan lokacin wani mai fataucin goro, Malam Garba, shi ke riƙe da kiran salla. Mutumin kirki ne, amma muryarsa ba ta wuce layi biyu. In ya fara sai in ga mijina a ɗaki ya rufe ido, laɓɓansa na bin kiran. Na san abin da ke cinsa ya fi gyambon. A mako na bakwai ya ce zai gwada azahar. Na ji daɗi, na ce to bari in ba ka ƙarfi, na cika masa ƙwarya har baki, da madara. Ya fita, ina biye da shi daga nesa. Taki na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya, ya lalubi bango, ya sulale. Ba don mutum biyu da ke alwala a wurin sun tare shi ba, da kansa ya daki siminti. A kafaɗa aka dawo mini da shi, mutane na kallo. Liman ya biyo mu gida ya ce, "Ladan, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ka huta." Malam ya juya fuska bango, ranar ce na fara ganin hawayensa.

Sai azumi ya kama. Liman ya ce an ɗauke masa, Yaya ta ce ko da wasa, ni na yi ta magiya. Malam ya ce an raba shi da matakala, ba za a raba shi da azumi ba. Da sahur ya ci tuwo loma uku ya kwanta. Na yini ina leƙensa ina jiran faɗuwa. Abin mamaki, azahar ta yi sai ga mutum ya ɗauki buta da kansa. La'asar ya taka har masallaci ba mai riƙe shi. Ƙarfi dai babu, amma ido tar, ɗaki bai juya ba. Da magariba na tare shi da dabino da ƙwaryar koko, kafin a yi isha yana kwance cikin gumi. Washegari haka, jibi haka. Yaya ta ce, "Kun gani ko? Azumin ne ke kayar da shi." Ni ma na yarda, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. In yunwa ce, me ya sa ba ya faɗuwa sai ya ci?

Ana cikin haka gwamnati ta ba da doka, duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Zango ta hargitse. Mu Allah ya sa takardunmu sun fito, amma maƙwabtan da muka tashi tare suka shiga ɗaure kaya, ana sayar da gado da keken ɗinki a wulaƙance. Wata yamma mutane suka cika bakin masallaci, masu kuka na yi, masu tambaya na yi, ba wanda ya ɗora tukunya a gidansa. Da aka sha ruwa kowa ya miƙo kwano, na yi ta zubawa ba lissafi. Sai da ludayi ya ƙwanƙwashi gindin tukunya na tuna ban ajiye na Malam ba. Na shiga uku! Na ruga gida, abin da na samu dafaffen ƙwai ɗaya ne da ɗan busasshen kifi da gyaɗa. Na ajiye masa ina ba shi haƙuri. Ya ci a hankali, ya ɗan kurɓi ruwa. Na zauna kusa da tabarma ina jiran gumin.

Gumi bai zo ba. Minti ashirin, rabin awa, shiru. Sai ya tashi ya kabbarta salla a tsaye, ya yi ruku'u, ya ɗago, bai dafa komai ba. Rabon da in ga haka tun kafin asibiti. Ina zaune na ga dunƙulen hannun Maame a gaban idona kamar yanzu take nuna mini. Na fita tsakar gida na tsaya kan tukunyar nan ina kallonta, tukunyar da ta yi mini suna, ta ciyar da 'ya'yana. Ashe wata biyu da hannuna nake kayar da mijina, ina yi ina bismilla.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Washegari na ce masa koko ya ƙare, jibi ma haka. Ƙarya cikin azumi, Allah ya yafe mini. Kwana biyun nan ƙalau. A na uku ya ce, "Adiza, hancina ba a yanke shi ba. Ga ƙamshin citta har nan, kina ce mini ya ƙare?" Na durƙusa na faɗa masa duka, da maganar Maame da abin da na ce a raina. Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi dariya har yana riƙe ɗinki.

"To ai da sauƙi," in ji shi, "tunda maƙiyin a gida yake, kuma ya tuba."

Muka koma asibiti, wannan karon na ƙi fita sai da na ga Maame. Ta harare ni ta ce, "Kunnen ƙashi gare ki," sannan ta kai mu wurin likitan da ya yi aikin. Shi ya juya bayan katin ya zana mana. Ya ce cikin mutum yana da 'yar ƙofa a ƙasa mai sakin abinci kaɗan-kaɗan, to ta Malam ta tafi da abin da aka yanke. In ya sha ruwa-ruwa mai zaƙi sai ya zarce hanji gaba ɗaya, hanji ya janye ruwan jiki, kai ya rasa jini, sai jiri. Maame ta fassara ƙarshen da cewa, "Randa ta tafi, saura kofi." Na riƙe baki. Wato tun da aka haife ni akwai wata ƙofa a cikina tana buɗewa tana rufewa, ban taɓa ce mata sannu ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan. Amma da tun ranar sallama aka zana mini haka, da ban sayar da zannuwana ba. Likita ya ce azumi kuma ya tsaya nan, sau shida zai riƙa ci a rana.

Liman ya ce a ciyar a madadinsa. Sai ya zama kokon da Malam ba zai sha ba, kullum in ɗora a ka in kai Reskos, wato filin sukuwa, inda masu tafiya ke zube da kayansu suna jiran manyan motoci. A can na ga Malam Garba a kan buhunsa, shi ma dokar ta hau kansa. Ya karɓi kokon ya ce, "Ki gaya wa Ladan matakalarsa na jiransa. Ni dama aro na yi." Ban ƙara jin labarinsa ba.

Bayan tafiyarsa Liman da kansa ke kira daga bakin ƙofa, tsoho ne, ko ni da ke gefen masallaci sai na kasa kunne. Dattawa suka zauna suka ce za a jira Ladan zuwa babbar salla, in bai iya hawa ba a nemo wani daga wata unguwa. Ba mugunta suka yi ba, salla ba ta jiran mai jinya. Saura wata biyu ke nan.

Na ɗauki murfin wani ƙaramin kwano na mai da shi ma'auni. Abin da ya hau murfin nan shi ne cin Malam: ƙwai, kifi, tsokar nama, wake, gyaɗa, tuwo loma uku. Ruwa sai bayan rabin awa, in ya ci kuma ya ɗan kishingiɗa. Yaya Barira ta ga murfin ta ɗora hannu a ka. "Mai sayar da abinci za ta kashe mini ƙane da yunwa! Kyanwa ce shi?" Ta kai ƙarata har wurin Liman. A famfo mata suka riƙa yin shiru in na iso. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na toshe kunne. Da hantsi, lokacin da masallaci ba kowa, mukan je matakala ya hau taki biyu ya sauko, bayan kwana uku ya ƙara ɗaya. Mun kai takwas sai aka yi suna a maƙwabta, aka miƙa masa lemon kwalba, kunya ta hana shi ƙi. A gaban Yaya ya shanye, a gabanta gumi ya karyo, ya kwanta a zauren mutane. Ta dube shi, ta dubi kwalbar. Da yamma na ga ta kwashe gwangwanayen madararta ta ba maƙwabta. Muka koma taki biyar muka sake farawa.

Saura mako guda layya ya ce gobe da asuba zai hau. Na ba shi ƙwai ɗaya, na riga shi fita na hura wuta. Ina tsaye da ludayi na ga ya nufi matakala, riga na yawo a jikinsa. Na fara ƙirgawa. A taki na tara ya tsaya ya ɗora tafin hannu a bango. Wallahi na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga ƙafa ta ɗaga. Goma. Sha ɗaya. Da ya kai dandamali ya daɗe a tsaye, sannan ya sa yatsu a kunne.

Muryar nan ta fito yadda na san ta, ba abin da aka yanke a cikinta. Daga jikin da bai kai rabin na da ba, ta ratsa Zango har inda take kaiwa a da. Rabin ɗakunan layinmu da kwaɗo a ƙofa, masu su sun tafi, amma waɗanda suka rage suka riƙa fitowa suna ɗaga kai. Wata tsohuwa da ta zo sayen koko ta zauna a ƙasa tana kuka tana amsa kiran. Ni dai ban san lokacin da ƙosaina ya ƙone ba.

Da aka idar ya fito, maza na ta ba shi hannu. Ya taho wurina, ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar ƙwaryar nan ya miƙo, yadda ya saba shekara tara. Ni ma hannuna bai yi shawara da ni ba, ya riga ya ɗebo ludayi cike. Muka tsaya muna kallon juna, koko na tururi a tsakaninmu. Na mayar da shi tukunya. Na ɓare ƙwai na sa masa a ƙwaryar. Ya sunkuyo kan tukunyar ya ja numfashi mai tsawo, ya ce, "Bar ni in shaƙa, wannan dai likita bai hana ba."

Shekara talatin da ɗaya ya ƙara yana kiran salla, siriri kamar sanda, tumbin bai dawo ba, na kuma daina jin kunyar hakan. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Yaya, ya saka wa Maame da likitan nan. Ku kuma ku mayar da geron nan buhu. Ku ce wa Rahina ta koma wurin likitanta ta faɗa masa duk abin da take ci da sha, kada ta jira sai ya tambaya. In dole sai an aika mata wani abu, murfin na nan a ƙasan akwatina, ku aika mata shi.

Duk tsawon shekarun nan kowace asuba sai ya miƙo ƙwaryar, kowa a Zango ya sha kokona ban da shi. Har yau in na ɗebo koko a ludayi, hannuna sai ya ɗan tsaya kafin ya zuba.